Daga tsargiyar ƙuruciya zuwa gadon tiyata: abin da ya kamata ku sani

Idan yaro ɗan shekara goma ya tsuguna fitsari aka ga ɗigon jini a ƙarshe, a yawancin gidajenmu ba a ta da hankali. Sai a ce tsargiya ce, wa bai yi ba? Wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce yaro ne ya fara zama namiji. Kuma lallai jinin yakan ɗauke da kansa bayan wasu shekaru, shi ya sa maganar take kama da gaskiya. Amma ga wasu, abin da ya faro a bakin dam yana ɗan firamare shi ne yake kai su hannun likitan tiyatar mafitsara suna da shekara arba'in ko hamsin. Ga bayanin abin da likitan yake tararwa a ciki, da irin aikin da yake yi, da abin da kan biyo baya.

Wace hanya fitsari yake bi?

Sai ka san hanyar kafin ka gane inda take lalacewa. Kana da ƙoda biyu, suna can ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikinsu tace jini. Abin da suka tace suka fitar shi ne fitsari, lita ɗaya zuwa biyu a yini ga babban mutum.

Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da yake gangarowa zuwa mara. Tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 kacal, don haka abu kaɗan ya isa ya toshe shi. Bututun biyu suna zuba a mafitsara, wato jakar tsoka da take tara fitsari. Ta lafiyayyen mutum tana ɗaukar kusan abin da ledar fiya wata ɗaya take ɗauka, rabin lita ke nan. Daga mafitsara sai hanyar fita waje. Ta namiji doguwa ce, kusan santimita 20, kuma tana ratsa wata 'yar tsoka mai suna furostet da take kewaye da bakin mafitsara. Ta mace gajera ce, wajen santimita 4.

Ka riƙe abu ɗaya: hanya ce guda daga sama har ƙasa. In ta toshe a ƙasa, fitsari baya yake komawa, kuma ƙoda ce take shan wahalar.

Me ya haɗa wannan da yankin Funtuwa da Malumfashi?

Ruwa ne ya haɗa su. Yankin Funtuwa da Malumfashi ƙasar noma ce, masara da dawa da auduga da waken suya, ga fadamu ga noman rani. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, lokacin yankin yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya ta zama Jihar Kaduna, domin sai 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Cikin ayyukan shirin har da gina ƙananan madatsun ruwa. Sun yi amfani ƙwarai ga manomi da makiyayi, babu mai musun wannan. Sai dai ruwa mai kwanciya da ciyayi a gefensa shi ne gidan wani ƙaramin dodon koɗi, kuma a jikin dodon koɗin nan tsutsar tsargiya take renon 'ya'yanta.

A shekarun 1970 ɗin nan dai aka yi wani babban bincike kan cututtukan da suka zauna a ƙasar Malumfashi, haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila. Masu binciken, cikinsu har da Pugh da Gilles, sun auna fitsarin mutanen ƙauyuka, sun kuma sa ido a kan dam ɗin Ruwan Sanyi don su ga wa yake shiga ruwa, yaushe, kuma me yake yi a ciki. Sun tarar yara maza ne suka fi ɗauke da cutar da nauyi, su ne kuma suka fi zuba ƙwayayenta cikin ruwa. Ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san yadda yara suke yini a ruwa lokacin bazara. Yaran da aka auna a wancan lokacin, yau su ne dattawan gari. Nijeriya kuma, har gobe, ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta a duniya.

Yaya tsutsar take shiga?

Ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata take shiga, kana wanka ko wanki ko kamun kifi ko ban ruwa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, sannan ya fito yana iyo yana neman fatar mutum. Idanu ba sa ganinsa. In ya huda fata sai ya bi jini, ya girma, namiji da mace su haɗu su tare a jijiyoyin jinin da suke kewaye da mafitsara. Nan za su zauna shekara uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, macen tana saka ɗaruruwan ƙwai kullum.

Kowane ƙwai yana da ƙaya a gindinsa. Wasu suna ratsa bangon mafitsara su faɗa cikin fitsari, jinin da kake gani daga nan yake. Sauran suna maƙalewa a cikin nama, kuma su ne masu ɓarnar. Jiki yana kewaye kowanne da kumburi, kumburin ya zama tabo, tabon ya taurare.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a 1851 a birnin Alƙahira, shi ya sa a asibiti za ka ji ana cewa bilhaziya. A 1910 kuma aka gano ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna.

Me likita yake tararwa idan ya leƙa ciki?

Leƙawar ana yin ta da wani siririn ƙarfe mai fitila da kyamara a kai, a zura ta hanyar fitsari bayan an kashe zafin wurin ko an yi allurar baya. Ba a yanka komai. Bangon mafitsara mai lafiya sumul yake, ja-ja. Na wanda tsargiya ta daɗe a jikinsa kuwa, sai a ga wasu wurare sun koɗe sun yi gari-gari, likitoci suna kiransu filin yashi. Matattun ƙwai ne dubbai da suka daskare a ƙarƙashin fata. Ana kuma iya ganin miki, ko wani tsiro da ya fito daga bangon.

Wani lokaci tun a hoton eksire ake ganin abin. Mafitsara nama ce, bai kamata ta fito a irin hoton da ake ɗaukar ƙashi ba. Amma in ƙwayayen sun yi yawa suka taurare, sai a ga farin zobe zagaye a cikin ƙugu. Likitoci kan ce ya yi kama da kan jariri a ƙugun mai ciki, ko da kuwa hoton namiji ne. Irin wannan mafitsara wani lokaci tana ci gaba da aikinta. Wani lokaci kuma takan tsuke har ta kasa riƙe komai, mutum ya riƙa zagayawa ba dare ba rana, alwala ta gagara tsayawa.

Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ya ciwo. Tabon yakan shaƙe ƙarshen bututun nan da yake saukowa daga ƙoda. Fitsari ya rasa hanya, bututun ya buɗe, ƙodar ta kumbura, naman da yake tace jini ya yi ta sirancewa. Wannan yana ɗaukar shekaru, kuma mutum yana nomansa lafiya lau, domin ɗaya ƙodar tana rufa asiri. Sai ranar da ita ma ta toshe a ga ƙafa ta kumbura, ga amai, ga kasala, a auna jini a ce ƙoda ta gaza.

Akwai kuma tsakuwa. Fitsarin da ba ya fita duka yana kwantawa, gishirin cikinsa ya dunƙule. Wata tsakuwar ba ta wuce ƙwayar gero ba, wata kuwa sai an tsaga mara kafin a fito da ita, har ta cika tafin hannu. Alamarta ita ce fitsari ya tsaya cak ana tsakar yi, sai mutum ya gyara tsuguno ya sake zubowa.

Sai sankara, wato ciwon daji. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson a Masar ya lura cewa sankarar mafitsara ta yi yawa a masu tsargiya, kuma a 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta saka wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ta. A Turai sankarar mafitsara ciwon tsofaffi ne, mashaya taba galibi. Wadda tsargiya take jawowa wani nau'i ne daban, tana kama mutum tun yana da sauran ƙarfinsa, tana cin bangon mafitsara zuwa ciki, kuma sau da yawa sai ta yi nisa ake zuwa asibiti. Ba kowane mai tsargiya ne zai yi ta ba, kaɗan ne daga ciki. A Masar, da aka rage tsargiya, wannan nau'in ya ragu sosai.

Akwai kuma abin da ba a cika gani ba. Ƙwan yakan ɓata hanya. An sha cire wa mutum afendis, wato 'yar hanjin nan da take kumbura a dama da cibiya, a kai ta ɗakin gwaji a tarar ƙwan tsargiya ne ya cika ta. Ana samunsa a furostet, har mutum ya ga jini a maniyyi. Ana samunsa a maraina, ya yi ƙululu a ɗauka sankara ce. Can ba a rasa ba yakan kai ga laka, ƙafafu su mutu. Wannan ne dalilin da ya sa duk naman da aka yanko a jikinka ake cewa a kai gwaji. Mutane da dama suna ganin kuɗin gwajin nan ɓarna ne tunda an riga an cire abin. Kada ka tsallake shi, domin sakamakon ne yake faɗin ko magani ya ƙare ko yanzu aka fara.

To abin da aka haifi mutum da shi fa?

Ba duk abin mamakin da likita ya gani ba ne ciwo. Halittar cikinmu ba iri ɗaya ba ce. Kusan mutum 1 cikin 100 yana da bututu biyu daga ƙoda ɗaya maimakon guda. Kusan 1 cikin 500 ƙodojinsa biyu a manne suke ta ƙasa. Wani da ƙoda ɗaya aka haife shi, wani kuma tasa ba ta hau inda ya kamata ba, tana can cikin ƙugu. Yawancinsu suna rayuwa har tsufa ba su sani ba.

Muhimmancin abin yana zuwa ne ranar aiki. Mai ƙoda ɗaya in tasa ta toshe, ba shi da ta biyu da za ta rufa masa asiri. Mai bututu biyu kuma, in likita bai sani ba, zai iya gyara ɗaya ya bar ɗayan. Don haka in an ce ka yi sikanin, wato hoton ciki da ake ɗauka da na'urar da ake gogawa a fata, sannan aka sake cewa ka yi wani hoton mai tsada da ake sa wa mutum allurar rini, ba neman kuɗinka ake yi ba. Ana so a san yadda cikinka yake kafin a sa wuƙa. In kuwa an taɓa gaya maka kana da irin wannan halitta, ka faɗa wa kowane likita da zai yi maka aiki.

Na sha maganin tsargiya, ban warke ba ke nan?

Maganin sunansa firazikwantel, shi ne wanda ake rabawa yara a makarantu kyauta, ana auna tsayinsu a jikin sanda don a san ƙwaya nawa za a ba kowa. A asibiti da nauyin jiki ake lissafi, miligiram 40 ga kowane kilo, sha ɗaya. A ci abinci kafin a sha, in ba haka ba yana sa jiri da tashin zuciya. Yana kashe manyan tsutsotsin, kuma a jikin yaro kumburin yakan baje gaba ɗaya.

Abu biyu ne ba ya yi. Ba ya hana sake kamuwa, yaron da ya sha yau ya koma dam gobe ya koma gidan jiya. Kuma ba ya narkar da tsohon tabo. Bututun da ya riga ya shaƙe, sai dai aiki.

Saboda haka in kai babba ne ka ga jini a fitsarinka, ko sau ɗaya, ko babu zafi, kada ka tsaya a kemis. A babban mutum jinin da ba ya zafi ya fi mai zafi ban tsoro. Ka je a auna fitsarin, an fi samun ƙwan tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, kuma ka tara har ɗigon ƙarshe. A yi sikanin ƙoda da mafitsara. In da hali a leƙa. Ruwan wanka kuwa, in daga dam ko kududdufi aka ɗebo, a ajiye shi kwana biyu kafin a yi amfani da shi, abin da yake huda fata ba ya kai haka da rai.

Wane irin aiki ake yi?

Ya danganta da abin da aka tarar. Ƙaramar tsakuwa ana farfasa ta ta hanyar fitsari, babba a tsaga mara. Tsiro ana kankare shi ta cikin ƙarfen leƙawa a aika gwaji. Bututun da ya shaƙe ana yanke wurin da ya lalace a sake dasa lafiyayyen a jikin mafitsara. In ƙoda ta kumbura mutum ya galabaita, akan huda ta baya a sa roba fitsari ya riƙa fita cikin jaka, har jiki ya yi ƙwari a yi babban aikin. Mafitsarar da ta tsuke ana iya faɗaɗa ta da guntun hanji. In sankara ta ci bango, wani lokaci sai an cire mafitsarar ɗungurungum, a buɗe wa fitsari ƙofa a gefen ciki yana zuba a jaka. Wannan yana da nauyi a zuciya, musamman maganar tsarki da salla. Ka tambayi likita, ka tambayi malami, tun kafin ka sa hannu. Shari'a tana da sauƙin da ta yi wa mai lalurar da fitsari ba ya tsaya masa.

Me zai iya biyo bayan aiki?

Jini a fitsari na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. In ya zo da gudaji har fitsari ya tsaya, mara ta kumbura, a koma asibiti a daren. Haka zazzaɓi da rawar ɗari, alamar ƙwayar cuta ce ta hau zuwa ƙoda. Ɗinki yakan yi yoyo. Robar fitsari in ta daɗe ba a canza ba, ko wanda bai iya ba ya tura ta da ƙarfi, takan ji wa hanyar rauni, daga baya wurin ya tsuke. Wanda aka yi wa aikin furostet kuma sau da yawa maniyyinsa baya yake komawa cikin mafitsara. Ba ya cutarwa, amma yana shafar haihuwa, don haka mai neman 'ya'ya ya ajiye kunya ya yi tambaya tun da wuri.

Akwai matsala ɗaya da ya kamata a tsaya a kanta, domin ana iya kauce mata ɗari bisa ɗari. Bayan aikin bututu ko na tsakuwar ƙoda, likita yakan bar wata siririyar roba a ciki, kanta ɗaya a ƙoda ɗaya a mafitsara, don hanya ta zauna a buɗe har wurin ya warke. Sunanta sitent. Ba a ganinta daga waje. Ana cire ta bayan 'yan makonni, ko wata uku, gwargwadon abin da likita ya ce. Sai mutum ya koma gida ya ji garau, damina ta faɗi, ga shuka ga noma ga kuɗin mota, ranar komawa ta wuce. Shekara ɗaya, shekara biyu. Gishirin fitsari ya yi ta taruwa a jikin robar har ta zama tsakuwa daga sama har ƙasa, ta toshe ƙodar da aka sa ta don a ceta. Cirewar da ba ta wuce 'yan mintoci ba ta koma babban aiki, wani lokaci biyu ko uku. Kafin a sallame ka, ka tambaya kai tsaye: an bar wani abu a cikina? Yaushe za a cire? A rubuta maka ranar a kati, ka kuma gaya wa wani a gida.

Mata fa?

Tsargiya ba ta bar su ba, wanki da ɗiban ruwa sun isa. A jikin mace ƙwan yakan zauna a bakin mahaifa da farji, ya jawo ƙaiƙayi da zubar ruwa da jini bayan saduwa, a yi ta shan maganin ciwon sanyi ba sauƙi. Ki gaya wa ma'aikaciyar asibiti in kina shiga ruwan dam ko rafi.

Sai kuma maganar kusancin hanyar fitsari da mahaifa. Bututun ƙoda yana wucewa dab da bakin mahaifa, tazarar ba ta wuce santimita 2 ba, mafitsara kuma tana jingine da gaban mahaifa. A tiyatar haihuwa mai wuya, ko wajen cire mahaifa, ana iya taɓa ɗayansu. In kika ga fitsari yana zuba ba tsayawa bayan aiki ko bayan doguwar naƙuda, ko gefen bayanki yana ciwo da zazzaɓi, ki koma da wuri. Ana gyarawa. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara wannan aiki tun shekarun 1980, yanzu cibiya ce ta ƙasa ta masu yoyon fitsari, kuma kyauta ake yin gyaran.

Ina za a je, kuma me za a kashe?

A fara da babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa. Gwajin fitsari da na jini da sikanin su ne matakin farko, kuma su ne mafi araha. In abin ya wuce nan, za a ba ka takardar turawa zuwa inda ƙwararrun mafitsara suke: asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano, ko asibitin mafitsara na Abubakar Imam da ke Kano. Ka tafi da duk hotuna da sakamakon da aka taɓa yi maka, har tsofaffi, don kada a sa ka sake biya.

Farashi yana canzawa daga asibiti zuwa asibiti, don haka ka nemi a rubuta maka lissafi kafin a sa rana. Ka tabbatar lissafin ya ƙunshi hotuna, da kuɗin aiki, da na sa barci, da gado, da magani, da gwajin naman da za a cire, da cire sitent in za a sa. Ka ƙara da abin da asibiti ba ya rubutawa: kuɗin mota zuwa da dawowa fiye da sau ɗaya, da abincin mai jinya, da 'yan'uwan da za su ba da jini. Jihar Katsina tana da hukumar taimakekeniyar lafiya mai suna KATCHMA, ka tambaya a asibitin da ya fi kusa da kai yadda ake rajista da irin ayyukan da take ɗauka, kuma tun kana da lafiya ake yin wannan. Mafi tsada duka shi ne wankin ƙoda, domin sau biyu ko uku ake yi a kowane mako, ana biya kowane zuwa, kuma sai an je babban gari.